Kurakuran da ke sa hoto ya fito dishi-dishi alhali kyamara ta ce ta kama

Duk mai ɗaukar hoto don sha'awa ya san wannan takaicin. Kyamara ta yi ɗan kukanta, koren ɗigo ya kunnu, alamar ta kama fokas, wato ta saita lensi don abin ya fito tar, ka danna, amma da ka buɗe hoton a kwamfuta sai ka tarar bangon baya ne ya fito tar, fuskar mutumin kuwa dishi-dishi. Nan take sai a ɗora wa kyamara laifi, har a soma tunanin sayen wata. Sau tari lafiyarta lau, ba a nuna mata inda za ta duba ba ne.

Babban kuskuren shi ne sakar mata zaɓi. Idan duk ɗigogin fokas, wato wuraren da take iya kamawa a cikin hoton, suna aiki, abin da ya fi kusa ko ya fi bayyana take cafkewa, ko reshe ne, ko kafaɗa, ko hanci. Zaɓi ɗigo ɗaya ka ɗora a kan idon da ya fi kusa da kai. Sababbin kyamarori marasa madubi suna gane ido da kansu, sai dai a cikin taro su ma sukan bi idon wanda ba shi ka nufa ba.

Sai rashin bambance salon fokas guda biyu, AF-S da AF-C, waɗanda Canon ke kira One-Shot da AI Servo. Na farkon yana kamawa sau ɗaya ya kulle, don abin da ke tsaye aka yi shi. Idan yaro ne ya sheƙo a guje, kafin ka ƙarasa dannawa ya riga ya wuce inda aka kulle. Nan AF-C ake so, mai bin abu muddin yatsanka na kan maɓalli. Akwai na uku da ke zaɓa da kansa, amma ni dai ban cika yarda da shi ba.

Wani lokacin ma ba fokas ba ne sam. Ƙara girman hoton ka bi shi lungu-lungu. In ka sami wuri ɗaya da ya fito tar, to fokas ya kauce ne. In kuwa babu ko ɗaya, kuma gefunan abubuwa sun ja kamar an shafa, hannunka ne ya yi rawa ko abin ya motsa. Tsohuwar ƙa'idar ita ce, da lensi mai milimita 200 kada saurin shata, wato labulen da ke buɗewa ya rufe idan ka danna, ya gaza 1/200 na daƙiƙa, mai gudu kuma a ba shi 1/500 ko fiye. Ko wane irin fokas ka saita, ba zai gyara wannan ba.

Idan lensi ya dinga kai da komo ya kasa tsayawa, bambanci ya rasa. Farin bango, sama fayau da duhu ba su da abin kamawa. Nemi gefe ko layi, inda haske ya haɗu da inuwa. Mutane da yawa kan kama da ɗigon tsakiya sannan su karkata kyamara su gyara tsarin hoton. A f/8, inda ƙofar hasken lensi take a tsuke, ba laifi, amma a f/1.8, inda take a buɗe sosai, kuma kusa-kusa, wurin da ke fitowa tar 'yan santimita ne kawai, ɗan karkatawar nan ta isa ta mayar da shi kunne.

Akwai ƙananan da ke ba da kunya. Makunnin jikin lensi ya zame daga AF, mai kamawa da kansa, zuwa MF, na juyawa da hannu, ba ka lura ba. Ko ka matsa fiye da kima, don lensin 50mm f/1.8G na Nikon ba ya kama abin da bai kai santimita 45 ba. Haka kuma kyamarorin Nikon jerin D3000 da D5000 ba su da injin fokas a jikinsu, tsofaffin lensin AF-D ba za su juya a kansu ba, sai da hannu.

Sai an gama da duk waɗannan za a tuhumi na'urar. A DSLR, wato kyamara mai madubi a ciki, abin auna fokas daban yake da wanda ke ɗaukar hoton, don haka yakan kama gaba ko baya kaɗan. Kafa kyamara a kan ƙafa uku, jera batura biyar a karkace, ka nufi na tsakiya da ƙofar haske a buɗe gaba ɗaya. Maimaita sau biyar ko shida. In kullum na baya ko na gaba ne ke fitowa tar, shiga AF Fine Tune a Nikon ko AF Microadjustment a Canon ka daidaita. Ƙananan kyamarori da yawa ba su da wannan saitin, sai dai a kai wa mai gyara kyamarar haɗe da lensin.