Yadda ake gane sigina mai gudu a kan allon cikin na'ura

Mai gyaran salula a Kasuwar Dole yakan haɗa layin batir da ya tsinke da 'yar siririyar waya, wuta ta dawo lafiya lau. In ya yi irin wannan haɗi a layin USB, sai kwamfuta ta ƙi ganin salular. Layin farko wuta kawai yake ɗauka, na biyun sigina mai gudu ce ke bin sa.

Kada yawan megahaz (bugu miliyan ɗaya a sakan) ya ruɗe ka. Abin dubawa shi ne lokacin da sigina take ɗauka kafin ta tashi daga 0 zuwa 1, kuma akan rubuta shi a takardar bayanin kayan. Raba 0.35 da wannan lokaci, ka ga megahaz nawa sigina take ɗauke da shi a zahiri. Sigina mai megahaz 16 kacal, in tana tashi cikin nanosakan 1 (kashi ɗaya cikin biliyan na sakan), tana ɗauke da abin da ya kai kusan megahaz 350.

Sai ka auna layin. A allon FR-4, wato irin allon da aka saba gani a cikin na'urori, sigina tana cin kusan santimita 15 a nanosakan ɗaya. Ninka lokacin tashi da 15, ka raba gida 6: ga nanosakan 1, santimita 2.5 ke nan. Layin da ya zarce haka ya shiga sahun masu gudu. Sigina takan kai ƙarshensa ta dawo kamar amsa-kuwwa, ta ci karo da mai zuwa, har mai karɓa ya ƙirga bugu ɗaya sau biyu.

Maganin farko rezistans ne (abin da ke rage ƙarfin wuta) mai om 22 zuwa 33, a jere da layin, daf da ƙafar kayan da ke aika siginar. Sa kondansater (abin da ke ajiye 'yar wuta) mai nanofarad 100 kusa da ƙafar da kayan ke shan wuta. Abin da aka fi sakaci da shi kuwa shimfiɗar mas ce, wato faffaɗan jan ƙarfen allon da wuta ke bi ta koma. Wutar da ke komawa gida ƙarƙashin layin take bi, in ta tarar da tsagi dole ta zagaya, nan hayaniya ke shigowa. Don Allah kada ka yanka shimfiɗar.

USB 2.0 yana kai megabit 480 a sakan, layukansa biyu na sigina kuma om 90 suke so a tsakaninsu. In za ka haɗa su, wayoyin su zama gajeru, tsawo ɗaya, a manne da juna.

Wajen awo, osiloskop (na'urar da ke nuna surar sigina) mai megahaz 100 shi kansa nanosakan 3.5 yake ɗauka kafin ya tashi, don haka zai nuna maka sigina sumul alhali tana rawa. Gajarta wayar mas ta bakin awon, doguwa takan ƙirƙiro rawar da babu ita a allon.