Darasi na 7: Idan Agogon Kwamfuta Ya Rikice Bayan An Sabunta Kanel

Kwamfuta agogo biyu gare ta. Na farko yana kan babban allon da ke cikinta, kuma ko an kashe ta ba ya tsayawa, domin akwai ɗan batir mai faɗin kwandala da ke ba shi wuta. A yawancin kwamfutocin tebur za ku ga an rubuta CR2032 a jikinsa. Na biyu shi ne wanda kuke gani a fuskar kwamfuta. Da zarar an kunna, kanel, wato ginshiƙin manhajar Linux, yakan tambayi agogon allo ƙarfe nawa, daga nan ya ci gaba da ƙirga abinsa.

Wani lokaci sai a sabunta kanel, a wayi gari lokaci ya sauka daga kan hanya. Har shafukan intanet sukan ƙi buɗewa, don takardar shaidarsu tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Kada ku yi saurin kinkimar kwamfuta zuwa wurin mai gyara. Ku fara duba girman kuskuren tukuna.

Idan awa ɗaya ce cif, batir ba shi da laifi. Linux yana ɗaukan agogon allo a matsayin lokacin duniya, UTC, sannan ya ƙara awa ɗaya ta Najeriya da Nijar. Windows kuwa lokacin gida yake rubutawa a ciki. Kwamfutar da ke ɗauke da su biyun, kowa na gyara wa kansa yana ɓata wa ɗan'uwansa. Mutanen Gana sun huta da wannan, lokacinsu daidai yake da UTC. Ku buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ku rubuta:

timedatectl

Za ku ga lokacin gida, lokacin duniya da na agogon allo a jere. Idan yankin ne ba daidai ba, sai ku rubuta:

sudo timedatectl set-timezone Africa/Lagos

To, idan kuma shekara ce ta koma baya, har wani sa'in ta nuna 1970, aikin ya ɗan fi haka. Ku sake kunnawa, ku shiga BIOS, wato shafin saitin babban allo da ake iya buɗewa kafin Linux ya tashi, ku duba kwanan wata a can. In ya lalace tun daga BIOS, batir ya mutu, a sayo sabo. In daidai yake a can, to sabon kanel ne ya kasa karanta agogon. Ku gwada wannan:

sudo hwclock --show

Idan ya ce ba ya iya kaiwa ga agogon, ku sake kunnawa, ku danne Shift ko Esc har jerin GRUB, wato jerin da ake zaɓar abin da kwamfuta za ta tashi da shi, ya fito, ku zaɓi tsohon kanel. Galibi ba a goge shi nan take, shi ya sa ba na son a riƙa gaggawar share tsofaffi don neman fili. In lokaci ya daidaita da tsohon, ku zauna a kansa har gyara ya fito.

Bayan lokacin fuska ya yi daidai, ku rubuta shi cikin agogon allo:

sudo hwclock --systohc

Aikin yi: kowa ya rubuta timedatectl a kwamfutar aji, ya kwafe layuka uku na farko a littafinsa, ya gaya wa malami tazarar awa nawa ce tsakanin na ɗaya da na biyu.