Darasi na Bakwai: Ƙaramar Hukuma da Kuɗin Cefane

Idan tiyar masara ta yi tsada, yawancin mutane sukan ɗora laifin a kan gwamnatin tarayya ko a kan 'yan kasuwa masu ɓoye kaya, amma ba kasafai ake tunawa da ƙaramar hukuma ba, alhali kuwa ita ce ta fi kusa da kasuwar da muke cefane. A Najeriya akwai ƙananan hukumomi 774, kuma Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora musu gina kasuwanni da mayanka da tashoshin mota da kula da su, tare da gyaran ƙananan hanyoyi. Shugaban ƙaramar hukuma ba shi da ikon yanke wa buhun gero farashi, amma wani kaso na kuɗin da ke hawa kan buhun tsakanin gona da tukunya yana hannunsa.

Mu ɗauki kwandon tumatir da aka ɗora wa mota daga wani ƙauye za a kai shi kasuwar 'Yan Kaba a Kano. Idan hanyar ƙauyen ta lalace, direba zai ƙara kuɗin mota saboda wahalar da motarsa za ta sha, sa'an nan gargada za ta farfasa tumatirin da ke ƙasan kwando tun kafin a kai ga kwalta. Idan aka iso kasuwa babu rumfa, kayan ya wuni a rana, zuwa la'asar sai a tarar wani sashe ya lalace, sai dai a karyar. Mai kayan ba zai yarda ya yi asara shi kaɗai ba. Abin da ya ruɓe yakan fanshe shi a kan mai kyau, ita kuma uwar gida da ta aiko yaro da kuɗin miya ita ce mai biya.

Sai batun kuɗin shiga. Ƙaramar hukuma tana da haƙƙin karɓar kuɗin rumfa da na mayanka, sai dai dokar haraji ta 1998 ta haramta kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji. Duk da haka, direban da ke jigilar hatsi zai gaya maka sau nawa ake tsayar da shi a miƙa masa tikiti, wani lokaci ma ba tikitin, kuma duk abin da ya bayar a kan buhu yake komawa. Saboda haka idan ka biya kuɗi a kasuwa, ka nemi rasit mai ɗauke da sunan hukuma, ka karanta adadin da aka rubuta, ka gwada shi da abin da ya fita daga aljihunka. Wannan na cikin amfanin karatun da muke koyo.

Awo ma abin lura ne, domin kwanon da aka bubbuge gindinsa ya lotsa ciki yakan cinye wa mai saye hatsi ba tare da an ƙara masa ko sisi a farashi ba. Irin wannan ƙorafi sarkin kasuwa ake fara kai wa, idan bai yi magani ba a tafi wurin kansilan mazaɓa.

Aikin gida: a ranar kasuwa mai zuwa, kowa ya rubuta farashin tiyar masara da ta wake da kwalbar manja a littafinsa, ya maimaita haka har mako huɗu. Bayan nan ajin zai haɗa alƙaluman, mu rubuta wa kansila wasiƙa guda a kan hanya ko rumfar da ta fi bukatar gyara.