Yadda ake auna yawan ciko da jirgi marar matuƙi a wurin gini

Yawancin rigimar ɗan kwangila da mai aiki a kan ciko daga ƙidayar tifa take tasowa: wannan ya ce ɗari uku ya zuba, wancan ya ce ɗari biyu da hamsin ya gani. Jirgi marar matuƙi yana raba gardamar, muddin an yi awo sau biyu, ɗaya kafin a zuba marmara, ɗaya bayan an daddale ta. Wanda ya tsallake na farkon ba shi da abin kwatantawa.

A Najeriya ba a tashin irin wannan jirgi sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. In fili ɗaya ne gare ka, ɗauko safiyo mai jirgi da takardunsa ya fi arha.

A fara share filin. Kyamara saman abin da ta gani take aunawa, don haka ciyawa mai tsawon gwiwa za ta shiga lissafi a matsayin ƙasa.

Sai alamomin ƙasa, waɗanda da su ake daidaita hotunan jirgi da ainihin filin, kuma nan ne sababbin hannu suke faɗuwa. Ka samu katako ko leda mai kauri, santimita 60 kowane gefe, ka yi mata fentin baƙi da fari kamar allon wasan dara. A ƙalla biyar: huɗu kusa da kusurwoyi, ɗaya a tsakiya, a ƙara ɗaya a tudu ɗaya a kwari in filin ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Kada a jera su a layi guda gefen hanya don sauƙin tafiya, taswirar da manhajar kwamfuta za ta haɗa daga hotunan za ta lanƙwashe kamar faranti ba tare da kowa ya lura ba. Tsakiyar kowace alama safiyo ya auna ta da na'urar GPS ta RTK, mai awo daidai har zuwa santimita. GPS ɗin waya na iya kaucewa da mitoci, bai da wurin zama a nan. Ka ware wasu alamomi biyu da ba za ka ba manhaja ba, da su za ka gwada gaskiyarta daga baya. A kafe su da ƙusa, domin lebura ɗaya ya ja alama da ƙafa ya ɓata aikin yini.

Ka tambayi safiyon tsarin da ya yi awo a kai. Jirgi da tsarin awo na duniya, WGS84, yake aiki, tsofaffin takardun fili kuwa da yawansu a kan tsohon tsarin awon Najeriya, wato tsarin Minna, suke, kuma tazarar da ke tsakaninsu gomomin mitoci ce. Tsayi ya fi wannan haɗari. Kuskuren santimita 5 a hekta ɗaya kubik mita 500 ne, wato tifa hamsin mai ɗaukar kubik goma. Shi ya sa dole awon farko da na biyu su tashi daga turke ɗaya na siminti, a wurin da gireda ba za ta taka ba.

Tashin kansa manhaja ke yi. Sa hotuna su hau juna kashi 80 ta gaba, 70 ta gefe. Jirgi samfurin Phantom 4 RTK a tsayin mita 100 yana ba da kusan santimita 2.7 a kowane ɗigon hoto, amma don lissafin ciko mita 60 ya fi. A tashi da hantsi zuwa azahar, lokacin da inuwa ta gajarta. Ranar hazo a haƙura. Batir kuma a ajiye shi a inuwa, ba cikin mota a rana ba.

A zuba hotunan a manhajar haɗa taswira, Pix4D ko Metashape. WebODM ya fi sauƙin kuɗi, sai dai yana son kwamfuta mai ƙarfi. A nuna alamomin a hotuna, a duba biyun da aka ware. In sun kauce fiye da santimita 5, a sake. Daga nan a cire saman ƙasa na awon farko daga na awon biyu. Adadin da ya fito na marmarar da aka daddale ne, dole ya gaza abin da tifa ta sauke ba a daddale ba, don haka a rubuta a takardar kwangila wanne za a biya tun kafin motar farko ta shigo.