In kilon ƙarfe ya sauko, ga yadda ƙaramin ɗan gwangwan zai tsira da uwar kuɗinsa

Duk wanda ke harkar jari bola ya san ba dila ne ke yanka farashi ba, shi ma kamfanonin narka ƙarfe na Legas da Ogun ne ke yanka masa, in damina ta kankama gini ya ja baya rodi ya daina tafiya sai su rage kuɗin kilo, kafin kace me abin ya gangaro har kan mai baro. Kofa kuma, wato jan ƙarfen cikin waya, dala take bi.

To abu na farko, kullum da safe kafin ka fita ka bugo wa diloli biyu ko uku ka ji nawa suke ɗauka yau, da wannan farashin zaka yi ciniki a unguwa. Masu saye da farashin jiya su ne jarinsu ke narkewa. Kuma don Allah kar ka jibge baƙin ƙarfe kana jiran ya tashi, mai tirela goma ne ke iya wannan, kai juya kuɗi ne naka.

Inda ribar take yanzu shi ne tsinta. Ka riƙe maganaɗisu a aljihu, ko na tsohuwar sifika ya isa, abin da ya kama ƙarfe ne, abin da bai kama ba ka ware shi gefe, alminiyon daban, biras, wato ƙarfen nan mai launin rawaya, daban, kofa daban, batir daban. Tsohuwar fanka ko injin ruwa kar ka ɗora su sikeli a dunƙule, fasa ka ciro wayar ciki, in ba haka ba kofa ka sayar a kuɗin ƙarfe. Waya mai kauri kuma a feƙe ta da wuƙa ya fi a ƙona, wadda aka ƙona tana baƙi dila ya samu hanyar rage maka, ga hayaƙin nan mai cin ƙirji.

Sikeli fa, hmm. Jarka mai lita 25 in ka cika ta da ruwa kilo 25 ce da ɗan ɗoriya, ɗora ta ka gani kafin a fara awo.

In kuna da yawa a layi ku haɗa kaya ku cika mota ɗaya zuwa wajen babban dila, kuɗin mota ya rabu. Murfin kwalbati, wayar NEPA da ƙarfen layin dogo kuwa ko kyauta aka kawo maka kace a kai kasuwa.