Yadda ake rage yawan zufa ba tare da ɓarnar kuɗi a kan turare ba

Duk wanda ya shiga motar haya daga Kawo zuwa Kasuwar Barci a Kaduna a watan Afrilu ya san cewa kowa yana zufa, don haka ba a kan wannan nake magana ba. Ina magana ne a kan magidancin da hammatarsa ke jiƙa shadda ko a tsakiyar hunturu, da ɗalibar da tafin hannunta ke ɓata takardar jarrabawa.

Da farko a gane irin zufar. Idan ta tsaya a hammata da tafin hannu da tafin ƙafa, ta faro tun ƙuruciya, kuma tana ɗaukewa idan an yi barci, to galibi jijiyoyin da ke tayar da ƙwayoyin zufa ne suka cika aiki, sau da yawa kuma gado ce. Amma idan ta zo wa babba kwatsam, ta game jiki, tana jiƙa zanin gado cikin dare tare da tari ko rama, a nufi asibiti kafin komai, domin tarin fuka, da yawan aikin ƙwayar maƙogwaro (thyroid), da faɗuwar sukari ga mai shan maganin ciwon sukari, da ɗaukewar al'ada ga mata, har da magunguna irin su tiramadol, duk suna kawo ta. Gwajin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Sai sayen abin shafawa. Wani abin gogawar da ake sayarwa a Kasuwar Sheikh Gumi wari kawai yake rufewa. Wanda ke toshe ƙofofin zufa shi ne mai sinadarin aluminiyam, don haka a karanta jikin kwalbar. Masu ƙarfi irin Driclor suna da kashi 20 cikin ɗari, suna da tsada, amma kwalba ɗaya tana daɗewa.

A nan ne na ga mutane da yawa sun faɗi, ni ma na shekara ina wannan kuskure. Mutum zai fito daga wanka da safe, hammata da danshi, ya goga maganin, ya zura riga ya fita rana, kafin ya kai bakin titi zufa ta wanke shi, sai ya ce jabu aka sayar masa. Da dare ake shafawa, lokacin da zufa ta lafa, a kan fatar da ta bushe ƙarau. A goge da tawul, a tsaya gaban fanka, ko a yi fifita da mafici idan babu wuta, sannan a shafa kaɗan a bar shi ya sha iska kafin a kwanta. Da safe a wanke. Aikinsa ya riga ya shiga. Danshi ne ke sa shi raɗaɗi da ƙuraje, haka ma shafawa a ranar da aka aske gashin wurin. A jera darare har zufar ta ragu, daga nan sau ɗaya ko biyu a mako ya isa.

A wurina singiletin auduga wajibi ne, yadin roba kuwa a haƙura da shi har sanyi ya shigo. A rage yaji da shayi mai kauri da goro, a riƙa sauya safa kullum, kada kuma a rage shan ruwa da sunan rage zufa. Idan wata guda ya wuce babu sauƙi, likitan fata yana da ƙwayoyi da allurar Botox, wadda ke tsayar da zufar hammata na wasu watanni.