Yadda ake warware lissafin gudu, ƙirga da yiwuwa

Yawancin yaran da nake taya shirin BEPC da Probatoire, jarrabawoyin sakandare na Kamaru, a Garwa sun iya haddar ƙa'ida. Inda suke tuntuɓe shi ne lokaci. Don haka da zarar ka karanta tambayar, kafin ka taɓa kalkuleta, mayar da mintuna su koma awa. Awa 1 da minti 30 ba 1,30 ba ne, 1,5 ne, tunda minti 60 ke cika awa. Minti 45 kuwa 0,75. Ni ban yarda yaro ya fara raba nisa da lokaci ba sai na ga wannan layin a rubuce a gefen takardarsa.

Sai tarkon da ya fi cin maki. A ce mota ta tashi daga Garwa zuwa wani gari mai nisan kilomita 120, tana gudun 60 a awa, ta dawo da kaya niƙi-niƙi tana gudun 40. Mene ne matsakaicin gudunta? Nan take za ka ji an ce 50. Kuskure ne. Zuwa ya ci awa 2, dawowa ta ci awa 3, wato motar ta fi daɗewa tana jan jiki. Haɗa nisan duka, kilomita 240, ka raba da awa 5: amsa 48. Kada ka taɓa haɗa gudu biyu ka raba biyu, sai fa idan lokutan sun zo daidai. Kalkuleta mai araha ta kasuwa ta isa wannan aikin, ba sai an sayi mai tsada ba.

A ƙirga, tambayi kanka ko jeri na da muhimmanci. Mutum 6 a majalisa, kowa ya yi musabaha da kowa: kowane ɗaya ya ba mutum 5 hannu, 6 sau 5 talatin ke nan, amma hannun da Audu ya ba Musa shi ne wanda Musa ya ba Audu, sai ka raba biyu, ya zama 15.

Yiwuwa ba ta da wuya. Ƙwarya da goro fari 3, ja 5. Damar zaro fari ita ce 3/8. In ba a mayar da shi ba, saura fari 2 cikin 7, don haka fari biyu a jere 3/8 sau 2/7, wato 3/28. Duba kalmar "ba a mayar ba" a tambayar, ka ja mata layi.